Ku Tambayi Injiniya: Kira Ya Koma Data, Ina Kasuwar Ta Dosa?

Assalamu alaikum. Saƙonnin da kuka aiko wa wannan fili a watan nan kusan duk hanya ɗaya suka bi: intanet ɗin da ake kamawa ta iska ba tare da an jawo waya gida ba, da kuma kiran da ake yi ta WhatsApp da 'yan'uwansa. Na ɗauki huɗu, na rage musu tsawo saboda fili. Sauran sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Injiniya, ɗana yana aiki a Dubai. Idan na kira shi ta WhatsApp ba ya shiga, sai dai mu yi ta saƙon murya, alhali 'yata da ke Ingila sai mu yi awa guda muna hira. Maƙwabciyata ta ce kamfanonin waya ne ke toshewa don a sayi kati, kuma wai nan ma sun kusa toshewa. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Gwammaja, Kano.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Wayarki lafiyarta ƙalau, layinki ma haka. Daga can aka rufe ƙofar. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa manyan kamfanonin waya biyu ne, Etisalat da du, kuma gwamnati na da kaso mai tsoka a cikin kowannensu. Dokar ƙasar ta ce kira ta intanet sai ta manhajar da hukuma ta amince da ita, kiran WhatsApp kuwa ba ya ciki. Shi ya sa rubutu da saƙon murya ke wucewa, kira kuma ya maƙale. Kusan mutum 9 cikin 10 na mazauna ƙasar baƙi ne, kowa da iyalin da ya baro a Indiya ko Pakistan ko Masar ko nan Kano, kin ga ashe kiran gida ba ƙaramar kasuwa ba ce a wajensu. Saudiyya ma ta daɗe tana yin haka kafin ta sassauta a watan Satumban 2017. Manhajar da ta fi yaɗuwa a Dubai ita ce Botim. Ki sa ɗaya daga cikin jikoki ya sauke miki ita, ɗanki ma ya buɗe tasa, za ki ji muryarsa har ki ga fuskarsa.

Batun cewa nan ma za a toshe, ni ban ga alamarsa ba, ga kuma dalilina. Da WhatsApp ya fara kiran murya a 2015, kamfanonin nan sun yi ta kuka cewa wasu na cin kasuwa a kan turakun sabis ɗin da ba su kafa ba, amma hukumar sadarwa ta NCC ba ta toshe ba. Da suka ga ba makawa sai suka sauya dabara: in mutum ya daina sayen minti, to a sayar masa da data. Kuma dabarar ta ci. A 2024 abin da MTN Najeriya ya samu daga data ya kai kusan naira tiriliyan 1.6, na kira kuwa kusan tiriliyan 1.3. Kamfanin da data ta zama babban abincinsa ba zai toshe manhajar da ke sa tsohuwa da yaro sayen data ba.

Kiran murya ta WhatsApp kansa ba ya cin komai. Ana daddatsa muryarki ne ƙanana-ƙanana a tura ta hanyar da hoto da rubutu ke bi, kuma minti guda bai cika cin MB ɗaya ba. Giga ɗaya ke nan zai ba ki fiye da minti 1,000 na hira. Wanda ya ga zamanin 2001, lokacin da ake biyan naira 50 a minti, ana layi a gindin lemar mai sayar da kira, ana yi wa juna filashin, ya san nisan da aka yi. Ribar kamfani tana wajen bidiyo: kiran da kike ganin fuskar jika, da TikTok da YouTube da yara ke kwana a kai. Kira ta intanet shi kaɗai bai riƙe ko waɗanda suka fara shi ba. Skype, wanda Microsoft ya saya dala biliyan 8.5 a 2011, an rufe shi a watan Mayun 2025.

Abin da ya ji jiki sosai shi ne kiran ƙasashen waje ta layi. Wataƙila kin tuna wajen 2017 da 2018, ɗan'uwa zai kira daga waje amma lambar gida ta fito a fuskar waya. Wasu ne ke jawo kiran ta intanet, su shigar da shi wani akwati mai cike da layukan gida, don su kauce wa kuɗin da ake biya a kan kiran da ya shigo daga waje. NCC ta sha fama da su. Kira na cikin gida kuwa yana nan da ransa, domin a farkon 2025 kusan kashi 40 cikin 100 na layukan ƙasar nan a kan 2G suke. Manomi a ƙauye mai ƙaramar waya mai tocila, kati yake sawa ya kira dillalinsa, kuma zai daɗe yana yin haka.

TAMBAYA: Malam Injiniya, an ƙara mana kuɗin kira da data, ga shi kuma 'yan talla sun dame mu a makaranta da na'urar intanet ta gida, wai 5G ce, wai ba ta ƙarewa. Me ya sa suka matsa a kan wannan na'ura, kuma in saya? Daga wani malamin sakandare a Samaru, Zariya.

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri a kan tarbiyyar yaranmu. Ƙarin da ka gani NCC ce ta amince da shi a watan Janairun 2025, ta ce kada ya wuce kashi 50 cikin 100, alhali kamfanonin ninki suka nema. Rabon da a taɓa farashin tun 2013. Ba ina wanke su ba ne, don ni ma aljihuna ya ji, amma lissafinsu a bayyane yake. Kayan aikin da dala ake sayo su, hayar turaku da yawa an ɗaura ta da dala, sannan aka saki naira a watan Yunin 2023. MTN Najeriya, wanda ke riƙe da fiye da rabin layukan ƙasar, ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, da kusan biliyan 400 a 2024.

Na yi shekaru ina zagayen gyaran turakun sabis, kuma da ma kowane mai waya zai leƙa cikin shingen sau ɗaya. Za ka tarar da janareto, wani wurin biyu suna karɓa-karɓa, da tankin man dizal, da akwatin batura mai kwaɗo biyu saboda ɓarayi, da maigadi a ɗan ɗakinsa na langa-langa. Wutar gwamnati in ta zo baƙuwa ce. Ranar da motar mai ta makara, ko aka fasa akwatin cikin dare, gari guda zai wayi gari yana ɗaga waya sama. Duk giga ɗin da ka saya akwai kuɗin dizal a cikinsa.

To me ya kawo tallar na'urar gida? Duk wanda zai riƙe layi a birni ya riga ya riƙe, wasu biyu wasu uku, saboda haka sabon ciniki sai a gida da shago da ofis. Ga kuma bashin 5G a wuyansu. A gwanjon Disambar 2021 MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6 kuɗin lasisi, Airtel ya bi sahu daga baya, amma wayoyin da ke kama 5G tsada gare su, har 2025 masu hawa kanta ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Hanya mafi sauri ta mayar da kuɗin ita ce a ajiye maka na'ura a falo, ita ta kama 5G, ta raba wa wayoyin gidan duka, kai kuma ka riƙa biya duk wata. Ba haƙa rami, ba jan waya. Wannan kasuwar a da ta su Spectranet da Smile ce, yanzu manya sun shigo musu da ƙarfin jari.

Amma ka san wani abu kafin ka ciro kuɗi. Zangon da 5G ɗinmu ke amfani da shi wajen aika saƙo ta iska, 3.5GHz, yana ɗaukar kaya da yawa amma ba ya nisa, kuma katangar siminti na rage masa ƙarfi. Zango na ƙasa, irin 800MHz, shi ke tafiya mai nisa ya ratsa ɗaki. Saboda shi ne MTN ya sayi Visafone a farkon 2016, ba don yawan masu layinsa ba. Sannan turke ɗaya tamkar rijiyar burtsatse ce ta unguwa: da hantsi kai kaɗai ne, ruwa na zuba da ƙarfi, da magariba kowa ya kawo jarkarsa. Don haka kada ka yarda da gwajin da ɗan talla zai yi maka da rana a harabar makaranta. Ka nemi maƙwabcin da ke da irinta, ko ka roƙi aro, ka gwada a ɗakinka tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare, kusa da tagar da ke fuskantar turke. Ka kuma sa a nuna maka a rubuce giga nawa za ka sha kafin a rage maka gudu, domin yawancin tsarin da ake cewa ba ya ƙarewa yana da wannan iyaka. In gidanka mutum biyar ne kowa na sayen datarsa daban, na'urar za ta fi muku sauƙi. In kai kaɗai ne da WhatsApp da ɗan binciken darasi, riƙe kuɗinka.

TAMBAYA: Yaya Injiniya, na gama bautar ƙasa, na tara naira miliyan ɗaya da rabi. Ina so in sayi Starlink in riƙa sayar wa ɗalibai intanet a unguwar da suke haya kusa da jami'a. Akwai gaba a wannan sana'a? Daga wani matashi a Dutsin-Ma.

AMSA: Ƙanena, na ji daɗin wasiƙarka, domin ka hango buƙata ta gaske. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da Starlink, intanet ɗin da ake kamawa da faranti daga tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a cikinta, a watan Janairun 2023, kuma kafin ƙarshen 2024 ya zama na biyu a yawan masu hulɗa cikin kamfanonin da sana'arsu intanet ce zalla, Spectranet kaɗai ke gabansa a lokacin. Har ta kai ya dakatar da karɓar sababbin mutane a Legas da Abuja saboda cunkoso. Abin da ya bambanta shi da tsofaffin faranta shi ne kusanci. Tsohon tauraron ɗan'adam yana can sama kilomita kusan 36,000, kana magana sai ka jira kafin a ji ka. Na Starlink kilomita kusan 550 ne, shi ya sa kira da darasin bidiyo ke tafiya daidai.

Sai dai akwai abubuwan da zan faɗa maka tsakani da Allah. Na farko doka. Sayar wa jama'a intanet sana'a ce mai lasisi a wajen NCC, kuma tsarin gida na Starlink ya hana a sake sayarwa. Na san ana yi a ɓoye, amma ranar da aka yanke ka, ɗalibai sun riga sun biya kuɗin wata, kai za su riƙe. Ka nemi kamfani mai lasisi ka zama wakilinsa, ko ka yi magana da dillalin da aka amince da shi a kan tsarin 'yan kasuwa, a rubuta abin da aka yarda ka yi. Wannan takarda ta fi farantin muhimmanci.

Na biyu farashi, wanda ba a hannunka yake ba. A watan Oktoban 2024 kamfanin ya tashi kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000 a dare ɗaya. NCC ta ce ba da izininta ba, aka janye, amma daga baya ƙarin ya dawo ta wata siffa. In ka gina lissafinka a kan farashin yau ba ka bar sarari ba, ƙari ɗaya zai cinye ribarka.

Sai wuta, kuma a nan yawancin masu fara wannan sana'a ke faɗuwa. Farantin yana jan wat 50 zuwa 100 dare da rana, ban da na'urorin da za su watsa sabis ɗin ɗaki-ɗaki. Ɗalibi da dare yake buƙatarka, lokacin da rana ta faɗi, saboda haka batura ne jarinka na gaske. Kada ka yi mamaki in sola da batura da inbata sun ci fiye da abin da farantin ya ci. Kana kuma buƙatar na'urar da ke raba gudu da fitar da tikiti, irin MikroTik da masu harkar ke amfani da ita, in ba haka ba mutum uku masu sauke fina-finai za su shanye na mutum hamsin. Da damina, in hadari ya yi nauyi, sabis zai riƙa yankewa na ɗan lokaci. Ka faɗa wa masu sayenka tun kafin su biya.

Shawarata, kada ka ce za ka rufe unguwa guda. Ka fara da gidan haya ɗaya mai ɗakuna da yawa, ka shirya da mai gidan, ka ga yadda zangon karatu ɗaya zai kaya, har da watannin hutu da yajin aiki, lokacin da ɗakunan za su zama wayam amma kuɗin wata na nan yana jiranka. Ka haɗa da masu buƙata ta kullum: mai POS, shagon rajistar jarrabawa, ƙaramin asibiti, gidan kallon ƙwallo.

Tunda kuma gaba ka tambaya, bari in faɗa maka inda nake ganin ta. Duk abin da muke kira mara waya, daga wayarka zuwa turke ne kawai. Daga turke zuwa duniya galibi igiyar faiba ce, wato igiyar silin gilashi da ake binnewa. Manyan igiyoyin ƙarƙashin teku, MainOne da Glo-1 na 2010, WACS na 2012, Equiano na 2022, duk a Legas suka sauka. Ranar 14 ga Maris 2024 da wasunsu suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, bankuna da wayoyi har nan Arewa sai da suka ji. Matsalarmu ita ce jawo wannan arziki daga bakin teku zuwa Katsina da Gusau da Damaturu. Jihohi sun daɗe suna tsuga kuɗin izinin haƙa, har aka tsaya a kan naira 145 kowace mita, Kaduna kuma ta yafe nata gaba ɗaya a 2020. Wanda aka binne ɗin ma bai tsira ba. Na sha tsayawa a bakin hanyar da ake gyara, motar haƙa ta tsinke igiya, direban bai ma san abin da ya yi ba. Sai ka ga mai haɗi ya shimfiɗa lema a cikin rami, ya fere silin gilashi mai kaurin gashin kai, ya goge da auduga, ya jera a na'ura ta narkar da su su haɗe, ɗaya bayan ɗaya, ƙura kaɗan ta shiga sai a sake. Garuruwa uku suna jiran hannunsa.

Tsarin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi burin intanet mai sauri ya kai kashi 70 cikin 100, aka tsaya wajen kashi 50. Yanzu gwamnatin tarayya ta sa gaba a kan shimfiɗa kilomita 90,000 na faiba, MTN da Airtel kuma sun sa hannu a watan Maris 2025 cewa za su riƙa amfani da kayan juna, abin da a da ba za ka taɓa ji ba. Ko rabin wannan aka yi, za a nemi masu haɗa faiba da masu kafa na'urori ruwa a jallo, kuma a Arewa ba mu da su da yawa. Da ni ne kai, zan ware wani abu daga cikin jarin nan in koyi wannan aiki a hannun gwani. Farantin kowa mai kuɗi zai iya saya gobe ya kafa kusa da naka, ya karya farashi.

TAMBAYA: Muna jin labarin Starlink a Nijar. Zai kashe kamfanoninmu ne? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

AMSA: Alhaji, ina gaisuwa, ya kasuwa? Ba zai kashe su ba. Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar a watan Maris 2025, kuma ƙasa mai faɗin Nijar, wadda ba ta da teku, intanet ɗinta sai ya ratso ta maƙwabta irin Benin da Najeriya, tana cikin waɗanda suka fi buƙatarsa. Asibiti a Bilma ko makaranta a bayan Agadas ba za su jira faiba ba. Amma farantin a gida ko a shago yake zama, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin mutane. Mai sayen kati na dala ashirin ko talatin a kuɗin sefa, mai tura kuɗi ta waya, mai kiran ɗan'uwansa a Jibiya, duk suna hannun Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom. Inda za su ji zafi shi ne manyan masu biya: bankuna, ƙungiyoyin agaji, otal-otal, ma'aikatu, waɗanda a da ba su da zaɓi. Waɗannan ne za a yi kokawa a kansu, kuma ina sa ran hakan zai tilasta wa kamfanonin gyara sabis da sassauta farashin manyan tsare-tsare. Kai da ke da shago da sito, in za ka saya, ka saya ta hannun dillalin da hukuma ta sani a cikin Nijar, a yi rajista da sunanka da adireshinka na Maraɗi. Wanda aka tsallako da shi daga wata ƙasa yana kan rajistar can, kuma ana iya yanke shi bayan ɗan lokaci.